Wa Ya Gano Takardar, Ni Ko Abokina?

Tambaya: Malam, na tarar da wata tsohuwar waƙar ajami a gafakar kakana a Zariya. Abokina ya karanta ta, ya ce ya gane marubucinta, yanzu yana ta yaɗa cewa shi ya gano ta. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kowannenku da aikinsa. Kai ka fito da takarda, shi ya warware rubutun. In za ku wallafa, ku faɗi haka ɓaro-ɓaro, ku kuma ambaci gidan da ya tsare ta daga gara da yoyon damina, don su aka fi mantawa da su.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun marubucin. Da wace hujja? A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ga kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Tumbuktu da daular Songhai, a Gwandu, ya jingina littafin ga Ahmad Baba na Tumbuktu, alhali Abdurrahman al-Sa'adi ne ya rubuta shi. Ku duba ƙarshen takardarku da kyau. Sau da yawa sunan da ke can na mai kwafa ne. Ku kai hotonta Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi a Kaduna, a gwada da sauran kwafe-kwafe kafin ku buga ganga.