Kar ki bar ta a gida, amma ki fara zuwa ki ga wurin da idonki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika kwashe kika rubuta. Kin ce makarantarsu za ta kai 'yan ajinsu gidan baje kolin kayan kimiyya da fasaha, 'yarki tana kan keken masu nakasa, malamarsu ta ce gara ki bar ta a gida ranar kar ta wahala, ita kuma yarinyar ta ƙwallafa rai. Don Allah kar ki bar ta. Amma ki ji abin da ya same ni tukuna, saboda ni na tafi ne da ka kawai ba shiri, kuma yarona ne ya sha wuyar gangancina.

Nawa namiji ne, lokacin yana shekara 11. Doguwar naƙuda ce ta taɓa shi, ƙafafun ba sa ɗaukarsa, amma kai kam masha Allah, ba rediyo ko tocila da za ki ajiye a gidan nan bai kwance ta ya ga cikinta ba. Sati biyu yana ƙirga ranar tafiyar nan. Bas ɗin makaranta ba wurin keke, sai na ɗauki shatar Napep daga Tudun Wada muka bi bayansu, kekensa a naɗe a kan cinyata. Ba zan kama sunan wurin ba.

Tun daga get aka fara. Mun ɗan makara, 'yan ajin sun riga sun shige, ina tura shi sai mai gadi ya ɗaga min hannu daga inda yake zaune, ko tashi bai yi ba, ya ce Hajiya ba a bara a nan, ku koma bakin titi. Bara fa! Yaro sanye da yunifom ɗinsa da na goge tun dare, da jakarsa, da littafin da ya ce zai rubuta duk abin da ya gani. Mutumin nan bai ga yunifom ba, bai ga jaka ba, keken kawai ya gani. Na ce Malam ɗalibi ne, ga 'yan ajinsu can ciki, ya ce to ina shaida. Su sauran yaran wa ya tambaye su shaida? Kusan minti 15 muna tsaye cikin rana har malama ta fito, kuma da ta yi masa bayani ko haƙuri bai ba mu ba, sai cewa ya yi ai irinsu ne ke damunmu kullum. Irinsu. Kalmar nan har yau in na tuna zuciyata tafasa take, don a kunnen yaron ya faɗa, na ga yadda ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata amma mutumin nan na bar shi da Allah.

Mun shiga kuma sai matattakala biyar a ƙofar ginin. Akwai gangaren keke a gefe, amma an yi shi a tsaye kamar na tura baro, kuma an ajiye tukunyar fulawa a samansa. Da ƙyar muka hau. Ƙasa ba komai sai hotuna a bango, duk abin da yara suka zo gani yana sama, madubin duba taurari, na'urar ganin ƙwayoyin cuta, ƙwallon ƙarfen nan da in ka dafa gashinka ke miƙewa. Lif akwai, amma ba Nepa, wai janareton ba ya ɗaukarsa. Wasu samari biyu suka ce za su ɗaga shi, Allah ya saka musu, amma ɗayan ya kama wurin ɗora ƙafa, shi kuma cirewa yake, saura ƙiris yaron ya kifo ta fuska. Ya tsorata ya ce a sauke shi. Sai malamar ta ce to ku bar shi nan ƙasa ya tsare mana jakunkuna. Haka muka zauna ni da shi da jakunkuna wajen talatin, muna jin ihun 'yan ajinsu daga sama suna murna. Can ya ce Umma fitsari. Ƙofar banɗakin keke ba ya shiga, kafin in san dabarar da zan yi ya sake a jikinsa. Bai yi kuka ba sai da muka iso gida, ya ce shi ba zai ƙara zuwa ko'ina ba, kuma sai da ya yi kwana huɗu bai je makaranta ba.

To 'yar'uwa, ki je wurin da ƙafarki kafin ranar, kar ki yarda da waya, a waya kowa zai ce miki ba matsala Hajiya ku zo kawai. Ki tafi da tef ɗin tela. Ki fara auna faɗin kekenta a gida, yawanci na manya yana kai santimita 60 zuwa 70, na yara bai kai haka ba, ƙofa kuwa ana so ta kai 80 ko ta fi, musamman ta banɗaki, kuma ki shiga ciki ki ga ko keke zai iya juyawa, don juyawa sosai na buƙatar fili kamar mita ɗaya da rabi. Gangaren kuma yana da ƙa'ida, duk tsayin santimita 1 ana ba shi tsawon 12, wato matattakala ɗaya mai santimita 15 gangarenta ya kai mita 1.8. In kika ga matattakala uku an yi musu ɗan guntun gangare, ki san sai da mutum biyu, kuma wajen saukowa da baya za ki sauko da ita, ke kina ƙasa. Ki tambaye su ƙarara, in an ɗauke wuta lif yana aiki? In ba ya yi, me za su iya saukowa da shi ƙasa? Na'urar ganin ƙwayoyin cuta ba nauyi ne da ita ba, mutum ɗaya zai ɗauko ta ya ɗora a ƙaramin teburi. Ko a saman ma irin teburan nan dogaye ne na masu tsayuwa, wanda ke zaune ba abin da zai gani sai gefen katako.

Kuma ki daina jin kamar alfarma kike roƙo, ni abin da ya kashe min baki ranar ke nan. Akwai doka. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Mutum in ya nuna bambanci tarar naira 100,000 ce ko wata 6 a gidan yari, kamfani ko ma'aikata miliyan 1, har layi dokar ta ce a fara sallamar mai nakasa. Kaduna ma tana da tata dokar tun 2021. Na san a aikace abin da saura, amma ki rubuta takarda ga shugaban wurin, ki ambaci dokar cikin ladabi, ki sa hedimasta ya sa hannu, ki riƙe kwafi. Takarda tana sa mutane su miƙe daga kujera. Ki karɓi lambar wani babba a ciki, ki kuma gaisa da mai gadin tun ranar da kika je dubawa ya san fuskarki.

Malamar nan taku ma ki zauna da ita, ba da faɗa ba. Sau da yawa tsoro ne ke sa su faɗi haka, ba su san yadda za su yi ba. Ki nuna mata yadda ake ɗaga keken, a kama ƙarfen jikinsa, ban da wurin ƙafa ban da madogarar hannu, a sa birki kafin a ɗauke ta, kuma a tambayi yarinyar kafin a taɓa ta, ba buhun masara ba ce. Ki bi su da kanki ko ki haɗa ta da yayanta mai ƙarfi. Kayan canji a jaka, zani, ruwa, kuma ta zaga kafin ku fita. Kar ki hana ta shan ruwa don gudun fitsari, na taɓa yi, ba kyau.

Abin da ke ƙona min rai, wurin kimiyya ne fa, inda ya kamata a fi kowa sanin dabara. Masanin kimiyyar nan Stephen Hawking a kan keke ya yi yawancin rayuwarsa, da na'ura yake magana, har ya rasu a 2018 duniya na sauraronsa a kan ilimin sararin samaniya. Bidiyonsa na nuna wa nawa a waya kafin ya yarda ya koma makaranta. Ƙanina da ya yi karatu a Ingila ya ce gidan kimiyya na Landan shiga kyauta ne, akwai lif, har akwai ranakun da suke buɗewa da sassafe don yaran da hayaniya ke damunsu. Mu nan ba mu ce sai an yi mana haka gobe ba, a cire tukunyar fulawa daga kan hanya mana. Kuma ba mu masu keke kaɗai ba, iyayen makafi da kurame na zauren nan namu za su faɗa miki, komai an rufe cikin gilashi an rubuta kar a taɓa, yaron da ba ya gani me ya zo yi ke nan? Mai bayani yana magana ya juya baya, ba mai fassara da hannu, kurma ya tashi a tutar babu. Wani lokaci har mutanen kirki ma ciwo suke sa ka, ranar nan muna fitowa wata baiwar Allah ta miƙa masa naira 200, na san da zuciya ɗaya ta yi amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage.

Bayan shekara ɗaya na sake kai shi, ni kaɗai, ranar da ba cunkoso, bayan na kai takarda. Wani ma'aikaci ya sauko masa da na'urar har ƙasa, ya sa masa fatar albasa ya leƙa, yaron nan ya fi minti 20 bai ɗago ba, yana ta cewa Umma zo ki ga ɗakuna-ɗakuna kamar bulo. Zanen da ya yi ranar yana nan manne a bangon ɗakinsu.

Ki faɗa min ranar da za ki je dubawa, in Asabar ce zan raka ki insha Allah, ki min magana ta sirri mu haɗu. Ki gaishe min da 'yata, ki ce ta fara shirya littafinta.