Hukuncin neman diyya ga ma'aikacin jirgin ƙasa da cutar daji ta kashe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shikago ta Amurka, asalinmu 'yan zangon Kumasi ne. Maigidana ya yi fiye da shekara 20 yana gyaran kan jirgin ƙasa a garejin wani kamfani. Lokacin sanyi rufe ƙofofi ake yi injuna na ta aiki, idan ya dawo gida ya fyace hanci baƙi ƙirin ke fitowa, kayan aikinsa ma daban nake wanke su saboda warin mai. Bara likitoci suka gano cutar daji a huhunsa, bai jima ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara uku, maza biyu da mace ɗaya, duk ba su balaga ba. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa tana raye a gida. Wani lauya ya ce in kai kamfanin ƙara, in an ci shari'a ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, in ba a ci ba ba ya karɓar komai. Yayyen marigayi sun ce wannan jayayya ce da ƙaddara, kuma cin kuɗin gawa ne. Sannan ya sha taba yana saurayi, ya daina kafin aurenmu, wata ƙawata ta ce kada in faɗa wa lauya. Malam, ya halatta in shigar da ƙarar? In an samu kuɗin, na wa ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari.

Neman wannan haƙƙi halal ne. A halin da kike ciki ma ya wuce halal, domin akwai marayu a tsakani.

Maganar yayyensa ta fito daga zuciya mai kyau, amma ba ta zauna a kan dalili ba. Babu ran da ke fita sai da izinin Allah, a lokacin da aka rubuta masa. Wanda aka kashe bisa kuskure shi ma ajalinsa ne ya zo, duk da haka Allah ya ce a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i a miƙa diyya ga iyalinsa, sai fa in su ne suka yafe. Wanda ya ƙaddara mutuwar shi ne ya wajabta biyan. Da karɓar diyya rashin tawakkali ne, da Alƙur'ani bai yi umarni da ita ba. Ku daina kiranta kuɗin gawa.

Abin da ya fi buƙatar nazari shi ne, babu wanda ya ɗaga hannu ya bugi mijinki. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta. Misalin da suka saba kawowa shi ne mutumin da ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da izini ba, wani ya faɗa ya mutu. Bai tura shi ba, amma akwai lamuni a kansa, saboda ya ƙetare iyaka. Mai aikin da ya san hayaƙi na cutar da mutane, ya kulle su a ciki ba mashigar iska, ba takunkumi, ba gargaɗi, ya shiga wannan babin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, Imamu Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa. Albashin da ake biyan ma'aikaci ladan ƙarfinsa da lokacinsa ne. Bai sayar musu da huhunsa ba.

Alaƙar wannan aiki da cutar daji kuwa ba shaci-faɗi ba ce. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta sanya hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ta huhu. Ga asbestos, wani ma'adini mai jure zafi, da aka daɗe ana naɗe bututai da shi ana sa shi a birkin jirage, wanda ƙurarsa kan kwanta a ƙirji shekara 20 zuwa 50 kafin ciwo ya bayyana. Ga sinadarin benzin da ke cikin mai da ruwan wanke ƙarafa, mai jawo cutar daji ta jini. Sai dai tabbatar da cewa abu yana cutarwa daban, tabbatar da cewa shi ya cutar da wannan bawan Allah daban. Wannan aikin likitoci ne da masana, kuma shari'a tana komawa ga ma'abota sani a irin wannan.

Dokar da lauyan zai bi ita ce wadda ake kira FELA, majalisar Amurka ta kafa ta tun 1908 don ma'aikatan jirgin ƙasa. A ƙarƙashinta ba a biya sai an nuna kamfani ya yi sakaci, ko da yake Kotun Ƙolin ƙasar ta bayyana a 1957 cewa ya isa a nuna sakacin ya taka rawa komai ƙanƙantarta. In kuma ma'aikaci yana da nasa hannu, ana rage kuɗin gwargwadon laifinsa. Kai ƙara gaban kotun da ba ta Musulunci ba, ga wanda ba shi da wata hanyar karɓar haƙƙinsa, malamai sun yi rangwame a kai, da sharaɗin ya nemi abin da yake nasa kawai. Ki kula, wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne, kuma wani ɓangarensa kan fara ƙirguwa tun daga lokacin da aka san cutar da alaƙarta da aiki. Kada shawarwarin dangi su cinye miki lokaci.

Batun taba, kada ki bi shawarar ƙawarki. A hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka fitar, Annabi ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani ya fi wani iya tsara hujja, duk wanda aka yanka wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, yanki ne na wuta aka yanka masa. Kasancewar abokin shari'a kamfani ne mai tarin dukiya, ko ba Musulmi ba, bai halatta ƙarya a kansa ba. Ki faɗa wa lauya shekara nawa ya sha, yaushe ya daina. Shan tabar ba ya rushe ƙarar, iyakarsa ya rage adadin, kuma abin da aka rage ɗin dama ba naku ba ne. Ina jaddada wannan ne saboda marayu za su ci daga kuɗin.

Ladan lauya yana cikin babin jinga, wadda ba a biya sai aiki ya tabbata, kamar yadda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki a Suratu Yusuf. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya karhanta jinga a kan husuma, saboda ba a san ƙarshenta ba, an kuma ruwaito ya halatta. Abin da nake rinjayarwa shi ne halacci, domin mace mai renon marayu ba za ta iya biyan lauya da likitocin shaida daga aljihunta ba, hana ta wannan hanya daidai yake da hana ta haƙƙin baki ɗaya. A rubuta kason a fili tun farko, a kuma fayyace ko kuɗin ɗawainiyar shari'a daga kason wa zai fita. In aka kai ga sulhu kafin hukunci, shi ma ya halatta. In kotu ta ɗora kuɗin ruwa saboda jinkirin biya, ki ware shi ki ba mabuƙata.

Saura rabo, kuma nan ne na fi jin tsoron a zame. Dokar Amurka tana ba mata da 'ya'ya ne, iyaye ba sa samu sai in babu waɗannan. Mu a wurinmu ba haka ba ne. Abin da aka biya saboda jinyarsa, da wahalar da ya sha, da albashin da ya rasa kafin rasuwa, dukiyarsa ce, gado ne ba tantama. Abin da aka biya saboda rasuwar kanta, wasu malaman zamani suna ganin na waɗanda kotu ta ambata ne, tunda asarar ciyarwarsu aka auna. Ni ina tare da masu cewa yana matsayin diyya, domin ba kyauta ba ce, wanda ya jawo mutuwar ne ya biya saboda ita. Diyya kuwa gado ake raba ta. Sayyidina Umar ya kasance yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyan ya shaida masa cewa Annabi ya rubuto masa ya ba matar Ashyam rabonta daga diyyar mijinta, sai ya janye.

Saboda haka, bayan an cire ladan lauya, an biya bashin da ake bin marigayi har da na asibiti, an zartar da wasiyya in akwai, sai a kasa ragowar gida 120. Ke kina da tumuni, wato 15. Mahaifiyarsa tana da sudusi, 20. Kowane ɗa namiji 34, 'yar kuma 17. Yayyensa ba su da komai tunda akwai ɗa namiji, don haka ba su da ikon yafewa. Ke da surukarki kowacce tana iya yafe nata kason, amma babu waliyyin da shari'a ta ba damar yafe kason maraya.

Mai yiwuwa kotu ta killace kason yara har su girma. Kada ki taɓa shi ta ɓarauniyar hanya. Ki fitar wa tsohuwa abin da za ki iya daga wanda ya shigo hannunki, a rubuta ragowar a gaban shaidu biyu, yaran su cika mata ko magadanta in sun mallaki hankalinsu. In ita ce ta bar wa jikokinta da yardarta, bayan an gaya mata adadin ba ɓoye-ɓoye, shi ke nan.

Wallahu a'alam.