Jirgin da ya ɗauko kayana ya tsaya cak a waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na yi odar kaya daga ƙasar Sin, wakilina ya ba ni sunan jirgin ruwan, ina bibiyarsa a manhajar MarineTraffic. Yau kwana shida bai motsa a taswira ba, tun da ya baro Singafo. Nutsewa ya yi, ko damfarata aka yi? Barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa jirgin na tsakiyar tekun Indiya yana tafiyarsa.

Abin da kake gani saƙon wata na'ura ce mai suna AIS. Tun ƙarshen 2004 hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta wajabta ta ga duk jirgin da ya kai tan 300 mai zirga-zirga tsakanin ƙasashe. In yana tafiya, duk daƙiƙa 2 zuwa 10 tana shelanta inda yake, saurinsa da alƙiblar da ya fuskanta, don kada jirage su yi karo cikin dare ko hazo. To amma da zangon rediyo take magana. Ka san yadda tashar FM ke yi in ka bar Katsina ka nufi Funtuwa, ta fara shaƙewa, can ta ɗauke. Haka eriyoyin bakin gaɓa suke, da jirgi ya yi nisan 'yan gomman kilomita sun daina jin sa. Daga nan sai tauraron ɗan'adam, shi kuwa bayaninsa galibi sai an biya. Manhajar kyauta wurin ƙarshe da aka ji shi kawai take nunawa, duba ƙasa za ka ga kwanan watan.

Wani lokaci kyaftin kan kashe ta da gangan inda ake tsoron 'yan fashin teku. Ranar isowa kuma matuƙa ne ke rubuta ta da hannu, ni ba na yanka alkawari da ita.

Abin da na fi so ka yi, karɓi lambar kwantenarka, haruffa huɗu ce da lambobi bakwai, ka saka a shafin kamfanin jirgin. Sau da yawa akan sauke kwantena a wata tasha, kamar Lome, wani jirgin ya ƙarasa da ita Apapa ko Lekki. In wakilin ya hana ka lambar nan, ka sake rubuto mini.