Ga ƙanwar da ke son shiga binciken tsargiya da danginta

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama. Kin ce kin karanta ilimin dabbobi a jami'a, kin gama bautar ƙasa, ranki yana kan binciken cututtuka irin su tsargiya da tundurmi da makantar kogi, amma a gida ana ce miki wannan ba sana'ar da za ta riƙe mutum ba ce. Kina so ki ji ko akwai makoma a ciki, da kuma ta inda ake kama bakin zaren. A wannan aikin na yi furfura, mafi yawansa a kan tsargiya, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Ranar da na fara fita daji, malamina bai ba ni littafi ba. Kwando ya miƙo mini cike da 'yan robobi masu murfi, ya ce in bi yaran firamare in karɓo fitsarinsu. Tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana ake karɓa, don a lokacin ne ƙwan tsutsar ya fi fitowa. Muka jera robobin a inuwar darbejiya, wasu kalar shayi, wasu ja wur kamar zoɓo. Da na tace na ɗora a maikiroskof, sai ga ƙwan nan mai ƙaya a gindi, wanda sai a hoto na taɓa ganinsa. Ƙa'idar ita ce a tace mililita 10; in an ƙirga ƙwai 50 ko fiye, cutar ta yi wa yaro yawa. Akwai yaron da na ƙirga har idona ya fara ruwa ban kai ƙarshe ba. Da na je wajen mahaifinsa, dariya ya yi, ya ce ai girma ne ya zo wa yaron, shi ma ya yi, kakansa ma ya yi. A wurinsu jinin nan alamar balaga ce. Na shafe shekara huɗu a aji ba wanda ya koya mini abin da zan ce wa wannan dattijo.

Daga baya na gane cewa tsutsar kanta ba ta da wuyar sha'ani. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan abin ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, bayan 'yan makonni ya fito da yawa ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ya girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara ya yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan da ya maƙale a jiki shi ne ke ɓarna: ya ji wa mafitsara rauni, ya taɓa ƙoda, wani lokaci har ya kai ga kansa. Magani kuma akwai, praziquantel, ana auna tsayin yaro da sanda a ba shi adadin ƙwayoyinsa, kuma wani kamfanin Jamus yana bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. To me ya sa har yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya? Saboda maganin ba ya hana sake kamuwa. Ki ba yaro yau, jibi ya koma wanka a kududdufi. Manomin rani da ke tsaye a cikin ruwa yana dashen shinkafa a Kadawa ko a filayen Bakolori ba za ki ce masa ya bar ruwa ba, abincinsa ke nan. Madatsun da aka gina don a ci abinci su ne suka yi wa dodon koɗin gida. Duk tambayoyin da suka rage masu daɗin bincike suna nan ne, a bakin ruwa, tsakanin mutane.

Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su zaɓi cuta ɗaya da wuri ɗaya su daɗe a kai. Ni gari guda na yi ta komawa, damina da rani, har mai unguwa ya daina tashi in na zo, yara suna kirana Antin fitsari. Sai a shekara ta uku matan garin suka fara magana da ni a tsakar gida. Nan ne kasancewarki mace zai yi miki rana, don akwai zauren da abokan aikinki maza ba za su taɓa wucewa ba. Wata mata ta ja ni ɗaki ta ce shekararta nawa tana fama da ciwon mara da zubar jini, an yi ta ba ta maganin ciwon sanyi, mijinta har ya fara yi mata wani kallo. Ashe tsargiya ce ta taɓa mahaifarta. Ƙwan yana maƙalewa a bakin mahaifa da kewayensa, alamominsa kuma su yi kama da na cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, ma'aikatan lafiya da yawa ba a koya musu bambancewa ba. In da yau zan soma, a kan wannan zan yi digirin digirgir, ba ko tantama.

Ba ni kaɗai na bi wannan hanyar ba. Farfesa Uche Amazigo ta Jami'ar Nsukka, daga sauraron matan ƙauye a Enugu da ke fama da ƙaiƙayi da lalacewar fata ta nuna cewa makantar kogi ba ido kaɗai take ci ba, har aure take kashewa. Tana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa mutanen gari su zaɓi nasu masu rabon magani, kuma ita ta shugabanci shirin APOC na yaƙi da cutar a Afirka daga 2005 zuwa 2011. A Kaduna kuma, gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa ivermectin, maganin makantar kogi, yana kare jijiyar ido. Satoshi Omura na Japan da William Campbell su suka karɓi kyautar Nobel ta 2015 saboda gano maganin, sun kuma cancanta, amma sai da aka samu masu bin ƙauyuka da littafin rajista kafin ya yi amfani.

Yanzu ɓangaren da 'yan gidanku suke hangowa, kuma ba ƙarya suke ba. Ba za ki yi arziki ba. Albashin malamin jami'a ne ko na ma'aikacin cibiyar bincike, kuɗin fita daji kuwa sai kin nemo tallafi, kuma za a ƙi ki sau da dama kafin a ba ki sau ɗaya. Na taɓa tara samfurin jini na damina guda cur a firiza, aka ɗauke wuta lokacin hutu, janareta ba mai, na dawo na tarar da komai ya lalace. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Na kuma taɓa aiki da wasu baƙi daga waje, ni na san garin, ni na tara samfurin, ni na shawo kan iyaye, da takarda ta fito sai na ga sunana can a tsakiya kamar ɗan rakiya. Tun daga ranar, kafin in ɗaga roba ɗaya sai mun rubuta wa zai riƙe bayanai da kuma inda sunan kowa zai zauna. Ki koyi wannan da wuri, kada kunya ta cuce ki.

Amma in an ce miki aikin banza ne, ki tambaye su rabonsu da ganin mai kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an samu sama da mutum 650,000 da kurkunu a Najeriya. Na ƙarshe an gan shi a 2008, a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi, Nijar ma a shekarar. Babu allura, babu ƙwaya, ƙyallen tace ruwa ne da rijiyoyin burtsatse da mutane masu naci, har da Janar Gowon da ya yi ta zagaya gwamnoni. A Janairun 2025 kuma Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi. Ko tarihin ƙasarmu ya shaida: saboda ciwon barci aka tashi mutanen Anchau a zamanin Turawa aka gina musu sabon gari mai suna Takalafiya, kuma cibiyar binciken ƙudan tsando da sammore da ke Kaduna tun 1947 take.

Ta inda za ki fara kuwa, kada ki yi gaggawar cike fom na digiri na biyu. Ki fara neman malami, ba sunan jami'a ba. Ki duba wa yake fita daji da gaske, wa ɗalibansa suke gamawa a kan lokaci. Su ɗaliban za ki tambaya a gefe, su za su gaya miki gaskiya. Kafin nan ki je sashen cututtukan da aka yi wa sakaci a ma'aikatar lafiya ta jiharku ki roƙi a tafi da ke rabon magani a makarantu, ko ba ko sisi. Mako biyu kawai zai nuna miki ko za ki iya jure rana da wari da babur a kan hanyar burji. Ki zauna da tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaji; mutumin da ya koya mini bambance ƙwan tsutsa da tarkace bai da digiri, amma idonsa ya fi nawa har ya yi ritaya. Ki kuma koyi lissafin ƙididdiga a kwamfuta da rubutun Ingilishi mai tsabta, don wanda ya iya nazarin bayanai shi ake saka wa suna a gaba. In kina jin Faransanci ko kaɗan ne, ƙofar Yamai da Wagadugu a buɗe take.

Sai abu na ƙarshe, wanda ni ba a gaya mini ba. In za ki kamo dodon koɗi, ki sa dogon takalmin roba da safar hannu, ki yi amfani da rariya mai dogon mariƙi, kada ki ce ai minti biyu ne. Ni na ce haka a bakin wata madatsa ranar da zafi ya ishe ni, na cire takalmi na tsoma ƙafa. Bayan wata uku na ɗora nawa fitsarin a maikiroskof na ga abin da nake ƙirgawa a na yara. In ta kai ki ga shan praziquantel, ki ci tuwo ki ƙoshi tukuna, yana da ɗaci kuma yana sa jiri. Allah Ya yi miki jagora, ki gaida su Mama.