Shayin rage tumbi, bel da injin gudu: wanne ya cancanci kuɗinka?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan tumbi suka taru, kuma kowa da abin da yake shirin zaro kuɗi ya saya. Na ɗauko waɗanda amsarsu za ta ishi sauran.

Tambaya: "Ina ganin tallar wani shayin rage tumbi a WhatsApp. Mai sayarwar ta ce cikin kwana 14 ciki zai lafe, kuma ƙawata ta sha ta sauke kilo 3 a mako guda. Akwai lambar NAFDAC a jikin kwalin. In saya?" Daga wata matar aure a Kano.

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna, ki koma ki tambayi ƙawar taki sau nawa take zagayawa a rana tun da ta fara sha. Galibin irin wannan shayin da sanamaki ake haɗa shi, ɗan'uwan filaskon nan da iyayenmu ke jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure. Aikinsa ya tsokano hanji ya koro abin da ke ciki. Wasu kuma a ƙara musu abin da ke sa yawan fitsari. Mutum ya kwana uku yana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi, ai dole sikeli ya nuna ragi, dole ciki ya lafe da safe. Sai dai ruwa ne da bahaya suka fita. Kafin abinci ya isa babban hanji, inda sanamaki ke aikinsa, jiki ya riga ya tsotse rabonsa.

Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, kilo 3 ya haura 23,000 ke nan. Mace mai matsakaicin jiki tana ƙona kusan 2,000 a yini. Ko da ƙawarki ba ta sa ko loma a baki ba tsawon mako, abin da za ta ƙona bai wuce 14,000 ba. To daga ina kitse kilo 3 zai fita?

Ba asarar kuɗin ce ta fi damuna ba. Gudawar yau da gobe tana zubar da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kuma hanji yakan saba har ya ƙi motsi sai an sha ganyen. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano wani magani mai suna sibutiramin an ɓoye shi a cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na ganye zalla". Tun 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ta sha irin wannan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana aikin da ake tallarsa da shi. Juya kwalin ki karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ki tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ita kanta lambar ana buga ta bogi, don haka hukumar ta buɗe kundin Greenbook a intanet inda ake duba sunan kaya.

Tambaya: "Shekarata 43, aikin ofis nake yi a Abuja. Wata uku ke nan kullum da asuba nakan kwanta rigingine in riƙa tasowa ina taɓo gwiwa har sau 100, amma teɓar tana nan daram. Na tara 'yan kuɗi. Injin gudu zan saya, ko bel ɗin nan mai girgiza ciki, ko rajistar gidan motsa jiki zan yi? Cin abinci kam ba ni da yawansa: shayi da biredi da safe, shinkafa da lemo ɗaya da rana, tuwo da dare, wani lokaci in biya wajen mai shayi."

Malam, sannu da ƙoƙari, wata uku ba wasa ba ne. Amma atisayen da kake yi naman da ke ƙarƙashin kitsen yake ƙarfafawa, kitsen kuwa ba ruwansa. Idan jiki ya buƙaci mai, daga ko'ina yake ɗibowa ta hanyar jini, ba daga gaɓar da ke motsi kaɗai ba. Kamar ɗibar ruwa ne a randa: ta kowane gefe ka zura moɗa, gaba ɗaya ruwan yake sauka. Inda zai fara raguwa da inda zai yi taurin kai, wannan gado ne da halitta, kuma ga yawancin maza ƙasan cibiya ne ke ƙarshen sallama.

Wannan ya kashe maganar bel mai girgiza. Girgiza ba ta narkar da kitse, gumi ma haka. Bar shi a shagon.

Kafin ka sayi komai, ka ari tef ɗin awo wajen tela. Auna ƙugunka a tsakiyar haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, wato ɗan sama da cibiya, bayan ka fitar da numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. Ba inda kake ɗaura wando ba, don masu teɓa ƙasanta suke ɗaurawa. Ga namiji, daga santimita 94 haɗari ya fara, daga 102 ya yi yawa. Ga mace 80 ne da 88. In babu tef, yanki zare daidai tsawonka, ninka shi biyu, ka zagaya ƙugunka da shi. Idan bakin zaren bai haɗu ba, akwai aiki.

Dalilin awon shi ne kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata wanda za ka iya damƙa da hannu. Akwai kuma na can ciki da ke lulluɓe da hanji da hanta, wanda ke sa tumbi ya yi tauri ya turo gaba. Na biyun shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini da kitsen hanta. Abin daɗin shi ne yakan fi saurin jin motsa jiki da ragin abinci, don haka tef zai iya nuna maka sauyi tun madubi bai nuna ba.

Yanzu mu zo kan "ba ni da yawan ci", maganar da kusan kowane mai teɓa yake faɗa, kuma da gaske yake har zuciyarsa. Shayin nan na safe, cokali nawa na sukari ke shiga, ban da madara da garin koko? Lemon kwalba mai 50cl yakan ɗauki sukari wajen gram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin haka, in so samu ne ma rabinsa. Ka ga kwalba ɗaya ta cinye kason yini, kuma sai ka yi sassarfa ta fiye da rabin awa kafin ka ƙona ta. Ga mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja kalori 120 ne. Ka tsaya ka kalli yadda mai shayi ke tuttula mai a kasko kafin ya fasa ƙwai, sannan a juye a kan taliyar leda biyu da ƙarfe goma na dare, ka ci ka kwanta.

Ban ce ka bar tuwo ba. Duk tsarin da ya raba Bahaushe da tuwo ba ya kai wata. In malmala biyu kake ci, koma ɗaya, a cika maka miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ba tare da mai yana iyo a kai ba. Shinkafar rana a raba ta da wake, a sa kabeji ko kwaɗon zogale a gefe. Da safe dafaffen ƙwai biyu ko alale sun fi rabin biredi riƙe ciki. Lemo kuwa mayar da shi na ranar biki. Wannan kaɗai zai iya zabge maka kalori 400 zuwa 500 a yini ba ka ji yunwa ba, wato kusan rabin kilo a mako. Haka ake so, rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Ka kuma nemi barcin awa 7, don wanda bai ƙoshi da barci ba ya fi jin kwaɗayin zaƙi washegari.

Sai maganar kuɗin. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke ɗaga numfashi, da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Sassarfar minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ta cika na farko. Alamar ka kai gejin ita ce kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Na biyun kuma tsuguno da miƙewa, dogara hannu a ƙasa kana sauka kana tasowa, da ɗaga jarkar ruwa mai lita 5 a kowane hannu sun isa farawa.

Injin gudu yana aiki, ba ƙarya. Amma yana son wuta tsayayya, yana son mai gyara in ya lalace, kuma a gidaje da yawa ƙarshensa wurin rataye babbar riga. A ganina ya fi dacewa da wanda fita ke yi wa wuya, kamar matar da ba ta da damar tattaki a unguwa ko wanda tsaro ya hana shi fitar asuba. Kai da ke da titi, sayi takalmi mai taushin ƙasa. In gidan motsa jikin yana kan hanyarka ta ofis, biya na wata ɗaya kawai, kada rangwamen shekara ya ruɗe ka. Ragowar kuɗin ka je a auna maka jini da suga, a shekarunka ya kamata.

Tambaya: "Wata huɗu da haihuwata, ta uku, amma har yanzu kamar mai ciki wata biyar. Ana ta ce min in sayi bel mai ƙugiya in ɗaure dare da rana." Daga wata mai jego a Zariya.

Barka da arziki, Allah ya raya. Bel zai gyara miki zaman kaya ranar biki, kuma mai taushi yana tallafar ciki a makonnin farko, musamman bayan tiyata in likita ya yarda. Iyakarsa ke nan. Kina kwancewa ciki zai koma yadda yake. Mai ƙugiyar nan da ake tamkewa har numfashi ya yi wuya yana turo abinci sama ya sa ƙwannafi, yana kuma danna mara ƙasa a lokacin da ba ta gama komawa ba. Kada ki kwana da shi.

Wataƙila ma ba kitse ne kaɗai ba. Goyon ciki yakan raba naman gaban ciki gida biyu, kuma ga wasu matan ba ya haɗewa da wuri. Kwanta rigingine, tanƙwara gwiwa, ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. In yatsu biyu ko fiye suka nutse a rami, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tsini, je asibiti ki nemi sashen gashin ƙashi su koya miki atisayen da ya dace. Irin wanda malamin Abuja yake yi bai dace da ke yanzu ba.

Kina shayarwa, don haka ba maganar horon yunwa, ba kuma shayin rage ƙiba. Abin da za ki rage shi ne sukarin kunu da shayi mai kauri da ake ɗura wa mai jego da sunan kawo nono. Kunun kanwa kuwa ki yi hattara da shi ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci a nan garinku suka danganta yawan shan sa, haɗe da zafin wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, saboda gishirin da ke cikin kanwa. In kin ga kumburin ƙafa ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, asibiti a ranar.

Mutane da dama kuma sun tambayi zuma a madadin sukari, da ruwan ɗumi da lemon tsami, da khal, da garin alkama ko acca a madadin tuwon shinkafa. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 sukari ce, a auna ta da ƙaramin cokali. Ruwan ɗumi da lemon tsami ba laifi, in ya maye gurbin shayi mai sukari an ci riba, amma ba ya narkar da komai. Khal in an sha shi tsagwaronsa yana cin haƙori. Alkama da acca abinci ne masu kyau, sai dai malmalarsu da ta shinkafa kusan ƙarfinsu ɗaya, wanda ya sauya gari bai rage malmala ba tsada kawai ya ƙara wa kansa. Geronmu da dawarmu da ba a surfe su tas ba ba su da abin rainawa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Kaduna: "An ce akwai allurar Ozempic da ke rage ƙiba, wani ya ce zai kawo min daga waje. Nauyina kilo 118."

Alhaji, wannan kam magani ne na gaske. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yin sa. A 2017 aka amince da Ozempic a Amurka don ciwon suga, a 2021 kuma aka amince da Wegovy, mai sinadari iri ɗaya, don ƙiba. Yana rage jin yunwa, kuma a babban gwajin da aka yi mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Da aka bi sawun waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu bisa uku na abin da ya tafi ya dawo. Don haka ka lissafa kuɗin shekaru, ba na wata biyu ba.

Da nauyinka zai yiwu likita ya ga ka cancanta, amma shi zai rubuta, shi zai fara maka da ƙaramin awo yana ƙarawa, don yana sa tashin zuciya da amai. Wanda ya taɓa ciwon pancreas, wato gaɓar ciki da ke daidaita suga a jini, ko ake da wani nau'in kansar thyroid (gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo) a danginsa, da mai ciki ko mai neman ciki, ba a ba su kai tsaye. "Wani zai kawo min" ɗin ne ban yarda da shi ba. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Ko ta gaske ce, a firji take zama kafin a fara amfani da ita, ba a jakar matafiyi ba. Saya a kantin magani mai rajista, da takardar likita a hannunka, ka kuma duba lambar kwalin da ranar ƙarewar aikinta kafin ka biya.