Tsohon tait-en ya koma sabuwar ƙungiya: a ɗauke shi ko a bar shi?

Daga watan Maris, lokacin da kasuwar 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka da ake jefawa da hannu, ke buɗewa, har zuwa ƙarshen Agusta da ake zaɓen 'yan wasa a ligogin fantasi (gasar manhaja da kowa ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasa na gaske, yana samun maki bisa abin da suka yi a fili), tambayar da masu karatu suka fi turowa ita ce ta tait-en. Shi ne ɗan wasan da ke tsayawa a gefen layin ƙarti masu kare mai jifa: wani lokaci ya tsaya ya tare abokin gaba, wani lokaci ya fita ya cafe ƙwallo. Aikin farko ba ya kawo maki ko ɗaya a fantasi, na biyun kaɗai ake lissafawa.

Daga wani mai karatu a Kano: Assalamu alaikum. Ligarmu ta mutum 12 ce, ana ba da maki ɗaya kan kowace ƙwallon da aka cafe. Idan wata ƙungiya ta ɗauko tsohon tait-en mai suna, ɗan shekara talatin da wani abu, a wane zagaye zan zaɓe shi? Abokaina na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Wa alaikumus salam, Malam. Abokanka suna da gaskiya a wasu lokuta, amma shahara da shekaru ba su ne ma'auni ba. Abin da za ka nema shi ne ƙwallo nawa za a jefa masa a kakar. Bari mu ɗauki mutum biyu da suka sauya ƙungiya bayan sun haura talatin.

A watan Maris na 2018 Green Bay Packers ta ɗauki Jimmy Graham, kwantiragin shekara uku kan dala miliyan 30. Mai jifansu Aaron Rodgers ne, kuma Graham ya fito daga Seattle da tocdawun 10 (wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa) a kakar 2017. Mutane suka yi ta rububinsa. Abin da ya kawo a 2018 shi ne cafewa 55, yadi 636, tocdawun 2. A lissafin ligarku, maki ɗaya kan cafewa, ɗaya kan kowane yadi goma, shida kan tocdawun, ya tashi da kusan maki 131, wato takwas da ɗan ɗori a kowane wasa. Alamar tana nan tun farko ga wanda ya duba: a 2017 yadi 520 kawai ya yi, tocdawun ɗin ne suka kumbura makinsa, kuma a Green Bay idan an kusa layin cin tocdawun Davante Adams ake nema, wanda ya ci tocdawun 13 a kakar.

A watan Maris na 2024 kuma Washington Commanders ta ɗauki Zach Ertz, yana da shekara 33, kwantiragin shekara ɗaya da bai wuce dala miliyan 5 ba. Mutum ne da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Nuwamban 2022, kuma Arizona ta sallame shi kafin kakar 2023 ta ƙare. Da yawa sun ɗauka ya gama. Ya kammala 2024 da cafewa 66, yadi 654, tocdawun 7, sama da maki 170, cikin goman farko na masu matsayinsa. A ligogi da yawa a zagayen ƙarshe-ƙarshe aka ɗauke shi, ko ma ba a ɗauke shi ba sam.

Abu uku suka taru wa Ertz, kuma su za ka bincika a kan kowane tsohon tait-en. Na farko, mai tsara hari. Kliff Kingsbury, wanda ya karɓi aikin a Washington a farkon 2024, shi ne kocin Arizona lokacin da aka kawo Ertz can a Oktoban 2021, kuma a wasa 11 da Ertz ya buga masa a kakar ya cafe 56. Ya san tsarin, kocin ya san inda zai ajiye shi. Na biyu, gurbi. Washington ta sallami tait-en ɗinta Logan Thomas, cikin masu cafewa kuma Curtis Samuel ya tafi Buffalo, a Agusta aka miƙa Jahan Dotson ga Philadelphia. Bayan Terry McLaurin babu wanda ya riƙe kason jifa. Na uku, mai jifa sabon shiga, Jayden Daniels, wanda idan an matsa masa lamba yana buƙatar wanda zai samu kusa a tsakiyar fili.

Ka yi lissafin da kanka. Ƙungiya kan yi jifa 550 ko kusa da haka a wasa 17. Idan tait-en ya samu kashi 17 cikin ɗari, jifa casa'in da ɗoriya ke nan. Ya cafe bakwai cikin goma, ya samu wajen 65, a yadi goma kowace, yadi 650. Idan ka kasa gano inda wannan kason zai fito, saboda ƙungiyar tana da masu cafewa uku da suka fi shi, ka bar shi ko da sunansa ya kai ina.

Game da zagaye: a liga ta mutum 12 ba ma ba da shawarar ɗaukar irin wannan ɗan wasa kafin zagaye na tara ko na goma. Ribarsa tana cikin araharsa.

Daga wata 'yar'uwa a Hustan, Amurka: Ni ina duba kuɗin kwantiragi ne. Ƙungiya ba za ta zuba miliyoyi a kan mutum ta ajiye shi a benci ba. Ko na yi kuskure?

Hajiya, a benci ba za su ajiye shi ba, amma shiga fili daban, cafe ƙwallo daban. A Maris na 2021 New England Patriots ta ɗauki tait-en biyu cikin kwana biyu: Jonnu Smith kan dala miliyan 50 na shekara huɗu, Hunter Henry kan miliyan 37.5 na shekara uku. Smith ya cafe 28 da tocdawun ɗaya. Henry ya cafe 50 da tocdawun 9. An fi sa Smith tare hanya domin masu gudu da ƙwallo, aikin da ke da daraja a wurin koci amma ba ya ba ki komai. Smith ɗin nan kuma ya je Miami a 2024 kan kuɗin da bai kama ƙafar na baya ba, ya cafe 88, yadi 884, tocdawun 8.

Austin Hooper ma haka. Ya cafe 75 a Atlanta a 2019, Cleveland ta ba shi babban kwantiragi a 2020, ya sauko zuwa 46, domin ƙungiyar ta dogara ne da gudun Nick Chubb da Kareem Hunt, kuma tana raba aikin tait-en tsakanin mutum uku.

Kuɗin yana gaya miki abu ɗaya: ba za a kore shi da wuri ba. Ki dubi kuɗin da aka lamunce masa, ba jimlar da jaridu ke bugawa ba. Wanda aka lamunce wa kaɗan ana iya sallamarsa a ƙarshen Agusta, lokacin da ƙungiyoyi ke rage 'yan wasa zuwa 53.

Daga wani mai karatu a Maraɗi: Muna da kasafin 100 na neman 'yan wasan da ba su da mai su. Idan aka ɗauko tsohon tait-en a tsakiyar kaka, nawa zan zuba?

Ɗan'uwa, da farko ka tambayi yadda ya zo. Wanda ƙungiya ta ba da zaɓin diraf mai daraja (damar zaɓen sabon ɗan wasa a zaɓen shekara-shekara) ta karɓo shi daga wata ƙungiya, za ta yi amfani da shi nan take. Minnesota ta karɓo T.J. Hockenson daga Detroit ranar 1 ga Nuwamba 2022, kwana biyar bayan haka ya cafe 9 a wasansa na farko, ya kuma tara 60 a wasa goma. Irin wannan da wuya ka same shi babu mai shi, amma idan ka samu, 25 zuwa 30 ba ɓarna ba ce. Wanda kuwa yake zaune a gida aka kira shi ya shiga rukunin atisaye, labari ne kawai sai an ga akasin haka. Ertz da kansa ya shiga rukunin atisayen Detroit Lions a Janairun 2024, aka yi ta zancen, bai buga wasa ko ɗaya ba. A kan irinsa kada ka wuce 2 ko 3.

Na tsakiya shi ne wanda ya buga wasa ɗaya ko biyu. Nan kada ka dubi makin da ya ci. Ka nemi adadin lokutan da ya fita neman ƙwallo idan mai jifa ya ja baya zai jefa. Wanda ke fita sau bakwai cikin goma ko fiye, kuma ana nufarsa da jifa biyar zuwa shida a wasa, ya cancanci 10 zuwa 15, ko da bai ci tocdawun ba tukuna. Wanda ya cafe biyu, ɗaya ta zama tocdawun, ya tashi da maki goma, ka bar wa wani ya saya. Eric Ebron ya cafe tocdawun 13 a Indianapolis a 2018. A 2019, bayan mai jifansu Andrew Luck ya yi ritaya, uku ya samu. Tocdawun shi ne adadin da ya fi kowane saurin juyawa daga shekara zuwa shekara.

Wani abu ƙarami mai amfani: kada ka zuba cikakken adadi irin su 10. Yawancin mutane 10 suke sawa, kai ka sa 11 ko 12. A mafi yawan ligogi ana raba 'yan wasan ne da safiyar Laraba agogon Nijar da Najeriya, don haka ka shigar da tayinka daren Talata. Wannan kasafin, ga masu tambaya saboda gudun caca, ba kuɗi ba ne na gaske, lambobi ne a manhaja. ESPN, Yahoo da Sleeper duk suna ba da damar buɗe liga kyauta ba tare da an tara ko sisi ba.

Daga wani mai karatu a Kumasi: Ƙungiyar da ta ɗauki tsohon ta kuma zaɓi matashin tait-en a diraf. Wanne zan riƙe?

Idan ligarku ta shekara ɗaya ce, tsohon. Matsayi ne mai wuyar koyo, saboda sabon shiga sai ya haddace aikin masu tarewa da na masu cafewa a lokaci guda. Washington ta zaɓi Ben Sinnott a zagaye na biyu a 2024, ƙwallayen da ya cafe duk kakar ba su kai goma ba, Ertz ya riƙe aikin. Akwai waɗanda suka karya wannan al'ada, Sam LaPorta da cafewa 86 a 2023 da Brock Bowers da 112 a 2024, amma su biyun tun makon farko su ke fita neman ƙwallo, babu wanda ya sha gabansu. Idan kuwa liga ce da ake riƙe 'yan wasa shekara da shekaru, ka ajiye matashin a benci, ka sa tsohon, kuma da ya yi wasa uku masu kyau a jere ka miƙa shi ga wanda ke neman kofi a bana, ka karɓi zaɓin diraf na baɗi. Darajar ɗan shekara 33 ba ta jiran kowa.

Daga wani mai karatu a Zariya: Kullum ina ganin sunan tsohon tait-en ɗina a rahoton rauni. Sau da yawa na cire shi, sai ya buga. Yaya zan gane?

Malam, rahoton Laraba ne ke ruɗa ka. Ƙungiyoyi kan hutar da tsofaffin 'yan wasa ranar Laraba, kuma rahoton kan nuna cewa hutu ne, ba rauni ba. Na Juma'a shi ne abin dubawa ga wasan Lahadi. Idan babu wata alama a gaban sunansa, zai buga. Idan an sa masa alamar shakka, sai ka jira jerin waɗanda ba za su buga ba, wanda ake fitarwa minti 90 kafin a fara.

Wasannin farko na Lahadi suna farawa ƙarfe ɗaya na rana agogon gabashin Amurka, wato shida na yamma a Najeriya da Nijar, biyar a Gana. Jerin yana fitowa ke nan huɗu da rabi, bayan La'asar. Daga Lahadin farko ta Nuwamba Amurka na mayar da agogonta baya, komai ya ƙara awa ɗaya: wasa ƙarfe bakwai, jerin biyar da rabi. Idan a Landan ake wasan, yakan fara tun biyu da rabi na rana a watan Oktoba, ka duba kafin Azahar.

Matsalar gaske ita ce wasan dare. Idan naka yana da alamar shakka kuma wasansa na daren Lahadi ne ko na Litinin, wanda ke farawa bayan ƙarfe ɗaya na dare a nan, lokacin da za ka san gaskiya duk sauran tait-en sun riga sun buga, manhaja ta kulle su. Maganinsa shi ne tun ranar Asabar ka ɗauko tait-en na biyu daga wannan wasan, ko na ƙungiyarsa ko na abokan karawa, ka saki wanda ba ka buƙata a bencinka. Idan babu gurbi, ka sa lafiyayyen da zai buga ƙarfe shida, ko da maki bakwai kawai kake sa ran zai kawo.