Kwalekwalen da ake naɗewa a sa a jaka: zan iya ɗinka shi da kaina?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Yawuri, shekarata goma sha biyu a kan keke. Na ga wani Bature a YouTube ya zaro kwalekwale daga jakar baya, ya hura shi, ya tsallake kogi, ya sake naɗe abinsa. Ina da tamfol da sholisho. Idan na ɗinka, zai yi?

Amsa: Ɗan'uwa, da tamfol da sholisho ba zai yi ba, amma hannun tela shi ne hannun da aikin nan yake nema. Matar da ta fito da irinsa na zamani, Sheri Tingey, mai ɗinkin kayan sanyi ce, kuma ita da ɗanta suka kafa kamfanin Alpacka Raft a Alaska a shekarar 2000. Tun kafin su, a 1844, wani hafsan sojan ruwan Ingila, Peter Halkett, ya yi kwalekwalen yadi mai rufin roba wanda ake iya yafawa kamar alkyabba. Turawa na kiran abin da ka gani packraft, kuma yawanci nauyinsa kilo 2 zuwa 3 ne.

Mu fara da tamfol ɗinka. Shuɗin nan na saƙa gam ba ya kama shi. Na rufin manyan motoci yana karɓar gam irin nasa, sai dai nauyinsa zai sa ka nemi amalanke, ba jaka ba. Yadin da ake amfani da shi nailan ne da aka shafe da wata roba mai suna TPU. Ana auna kaurin zarensa da lamba: 210 don zagayen da ke riƙe iska, 420 ko 840 don ƙasan da ke gugar yashi da dutse. Ta intanet na sayi nawa. Akwai wani ƙaramin kamfani a Kanada, DIY Packraft, da ke sayar da shi a yanke, da bawul ɗinsa.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Ajiye allura. Kowane rami da ta huda ƙofa ce ga iska. Manyan kamfanoni suna ɗinkawa, amma suna da injin da ke bin ɗinkin da tef mai zafi. Kai a shago zafi kaɗai za ka yi aiki da shi: fuskar roba a kan fuskar roba, ka danna da ƙaramin dutsen guga mai siririn baki, zafinsa wajen digiri 200, sannan ka bi da abin murzawa tun bai huce ba. Idan ka haɗa roba da gefen da babu roba, ko ka kwana kana guga ba zai kama ba.

Nawa na farko ya ci min mako uku, kullum bayan la'asar. Rannan wuta ta yi ƙasa ban lura ba, dutsen gugar ya yi sanyi, ni kuwa ina ta aiki. Haɗin ya yi sumul a ido. Da na hura, sai na ji "tsss" daga lanƙwasar gaba, na sa farce na ja, ya ɗaye kamar ɓawon ayaba. Tun daga ranar ba na taɓa kwalekwalen sai na gwada a ƙyalle: in manna guntu biyu, in bari su huce, in ja da ƙarfina. Idan suka rabu lafiya lau, zafi bai kai ba. Idan robar ta ɓalle daga jikin nailan ɗin ta bar zare tsirara, to ya kama. Idan yadin ya tattare ya yi ƙyalli, ka ƙona shi.

Wuraren da haɗi uku suka gamu, nan yoyo yake ɓuya. Hura shi, ka shafa kumfar sabulu yadda mai faci yake yi wa tif, ka bar shi ya kwana a hure.

Zafin garinku ma ka yi lissafi da shi. Idan ka sa shi a ruwa iskar ciki za ta huce ya yi laushi, sai ka ƙara da baki. Idan ka fito da shi tudu a rana irin ta watan Afrilu, maza ka rage iskar, in ba haka ba za ta kumbura ta fasa maka haɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka shiga da shi. Yawancin irin wannan kwalekwalen ɗakin iska ɗaya gare shi. Ya fashe, duka ya tafi. Mutum ɗaya yake ɗauka, ba na fito ba ne, kada ka sa yaro ko fasinja. Kuma kogin Neja a Yawuri ba tafki ba ne, akwai dorina, ka fi ni sani. Gwajin farko ka yi shi inda ruwa bai wuce ƙugunka ba, da rigar kariya mai hana nutsewa a jikinka a ɗaure, da wani masunci a kusa cikin kwalekwalensa na katako. Idan ka yi gwajin ƙyallen, aiko min da hotonsa in duba maka kafin ka sa almakashi a babban yadin.